Kayan ban ko tulu da ganga: ina ikilisiya za ta fara zuba kuɗinta?

Bara, bayan godiyar girbi, da aka sayar da masara da dawa da waken suya da jama'a suka kawo gaban bagade, dattawan ikilisiyarmu suka kira zama a kan abin da za a yi da kuɗin. Matasa sun zo da takarda a rubuce ta kayan ban, wato kayan kiɗan zamani: kibod, saitin ganguna, jita biyu, miksa (na'urar haɗa sauti), lasifika huɗu. Zumuntar Mata ba su rubuta komai ba. Shugabarsu ce ta miƙe, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Baba Fasto, tulunmu ya tsage tun damina, gangar ma fatarta ta mutu." Mu 'yan kwaya kuwa, wato ƙungiyar mawaƙan majami'a, littattafan waƙoƙi muke so, da malamin da zai zauna da mu ya koya mana. Kuɗin ba zai ɗauki ko rabin wannan ba.

Na san ba mu kaɗai ke irin wannan zama ba. A nan Zariya, daga Samaru zuwa Basawa, Palladan, Hanwa da Sabon Gari, har majami'un ƙauyukan Giwa da Makarfi, maganar ɗaya ce, sai dai yawan kuɗin ya bambanta. Na daɗe ina waƙa a kwaya, na kuma yi shekaru ina koya wa yaran makarantar Lahadi, shi ya sa nake so in jera hanyoyin biyu kusa da juna don masu zama irin namu su auna.

A fara cire wata magana daga hanya. Ba batun zunubi ba ne. Zabura 150 ta kira ƙaho da molo da garaya da sarewa da kuge, ta ce a yabi Ubangiji da su duka. Maryamu 'yar'uwar Haruna ta ɗauki abin kiɗa a hannu bayan an haye teku, mata suka bi ta da rawa. Dawuda ya keɓe Lawiyawa 4,000 don yabo da kayan kiɗa, a cikinsu kuma 1 Tarihi 25 ta ƙirga horarru 288 a ƙarƙashin Asaf da Heman da Yedutun. Wanda ya ce jita ta duniya ce, da wanda ya ce ganga ta bori ce, duk ba su da ayar da za su tsaya a kai. Ma'aunin da nake amfani da shi na samo shi ne daga Kolosiyawa 3:16 da Afisawa 5:19, inda aka ce mu riƙa koya wa juna, muna yi wa juna magana da zabura da waƙoƙi. Kalmar "juna" ce ta kama ni. Waƙar sujada aikin dukan ikilisiya ce, makaɗi da mawaƙi masu jan gaba ne kawai. Saboda haka kowane kaya aka kawo, tambayata ita ce: tsohuwar da ke benci na baya da yaron da ke gefen taga, za su buɗe baki su yi waƙa, ko za su zuba ido su yi kallo?

Mu a Zariya mun gāji hanyoyin biyu ne, ba yau suka zo ba. Likita Walter Miller na mishan ɗin Anglikan da ake kira CMS ya zauna a cikin birnin Zariya tun 1905, daga baya aikin ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin gargajiyar Hausa, a 1929. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Waƙoƙin da aka fara rerawa a wancan zamani fassara ce daga Turanci, da karin Turawa. Mishan da dama sun yi ɗari-ɗari da ganga, don a idonsu tana tare da bori da tsafi. Mata ne suka shigo da kiɗan gida cikin majami'a ta ƙofar zumunta, sai kuma ƙungiyar Sabon Rai da ta taso a farkon shekarun 1960 ta bi ƙauye-ƙauye da waƙoƙin bishara masu amshi. Kayan ban sun biyo baya, ta hanyar zumuntar ɗalibai da sababbin majami'u, kuma a garin da ke da Jami'ar Ahmadu Bello tun 1962, ba abin mamaki ba ne da suka yi saurin kafuwa.

Abin da ban ke bayarwa na gaske ne, kada dattawa su raina shi. Kibod tana ba da murya tun farkon waƙa. Duk wanda ya taɓa jin mai ba da waƙa ya ɗauko ta can sama, jama'a suka kai tsakiya maƙogwaro ya ƙi, ya san darajar wannan. Tana riƙe muryoyi huɗu na kwaya kada su zame ƙasa kafin baiti na ƙarshe. Tana cike shirun da ke tsakanin addu'a da karatu, ko lokacin da ake zuwa karɓar Jibin Ubangiji. Sannan ban yana riƙe matasa. Na ga yaran da ba abin da ya hana su yawon yamma ranar Asabar sai gwajin waƙa, daga nan suka shiga ajin baftisma. Wasu sun mai da kiɗan sana'a suna ciyar da iyayensu. A ikilisiyar da ta tara Bajju da Atyap da Ngas da Yarabawa da Ibo da Hausawa a benci ɗaya, ban kan ɗauki waƙar kowace ƙabila cikin sauƙi, don ɗan kibod mai kunne yana bin kowane kari.

Sai dai farashin da ke kan takardar matasa ba shi ne kuɗin ban ba, kafin alƙalami ne. Kayan ba sa motsi sai da wuta, wuta kuwa ba ta da alkawari da safiyar Lahadi. Dole janareta, dole mai, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kowane ma'ajin ikilisiya ya san abin da sujada ɗaya ke sha, balle a haɗa da gwajin waƙa sau biyu a mako. Wanda ya koma sola zai huta da mai, amma batir da inbata su ma kuɗi ne mai kauri a tashi ɗaya. Ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin maɓallan kibod da cikin miksa. Wutar da ta dawo da ƙarfi tana ƙona amfilifaya. Wayoyi suna tsinkewa, makirufo yana faɗuwa, fatar ganguna tana fashewa, sanduna suna karyewa kusan kowane wata. Ga ɓarayi: ɗakin ajiya sai an yi masa ƙofar ƙarfe. Ikilisiyar da ta kwashe duk abin da ke asusu ta sayi kaya, ba ta ware na gyara ba, bayan shekara biyu za ka tarar da lasifika ɗaya na tari, ɗaya kuma an ɗora masa furanni.

Tulu da ganga da kacau-kacau da kuge ba su san wannan wahala ba. Abin da za a kashe a kansu duka bai kai kuɗin lasifika ɗaya mai kyau ba. Tulu in ya fashe, magina tukwane na nan, wasu ma sun koma na ƙarfe da maƙera ke haɗawa. Ganga in damina ta sa fatarta ta saki, a shanya ta a rana ko a kara ta kusa da wuta, ta dawo. Ana ɗaukarsu a ka ko a bayan babur zuwa gidan rasuwa, zuwa bikin suna, zuwa asibiti, zuwa wa'azin fili. Bulus da Sila a kurkukun Filibi da tsakar dare ba su da ko wannan, suka yi waƙa har fursunoni na saurare.

Amma ba arha ce ta sa na fi karkata gare su ba. Ku zauna kusa da Zumuntar Mata wata Lahadi ku lura. Mai tulu tana zaune, ta kafe shi tsakanin gwiwoyi, tana buga bakinsa da matashin soso, sautin na fitowa daga ƙasa kamar bugun zuciya. Mai ba da waƙa ta jefa layi ɗaya, sauran su amsa. Kafin a zagayo sau uku, wanda bai taɓa jin waƙar ba ya kama amshin. Ba littafi, ba allo, ba sai ka iya karatu ba. Kiɗan yana ƙarƙashin murya, bai hau kanta ba, don haka kowace kalma tana isa kunne. Yawancin waƙoƙin nan kuwa matan ne ke tsara su da kansu daga ayar da aka yi nazari a kanta ranar zumunta. Wata tsohuwa a wurinmu ba ta taɓa shiga aji ba, amma labarin ɗa ɓatacce da na budurwai goma duk suna bakinta, baiti-baiti, ta hanyar waƙa ta haddace su.

A nan akwai wani abu game da harshenmu da ba a cika faɗa ba. Hausa tana da hawa da saukar murya, tana da gajeren wasali da dogo, kuma su ne ke rarrabe ma'ana. Gari da ake zama a cikinsa da gari na tuwo, a rubuce ɗaya ne, a baki daban. Waƙar da aka haifa cikin Hausa karinta yana bin wannan hawa da sauka, shi ya sa take shiga kai ba wuya. Waƙar da aka ɗauko karinta daga waje aka cusa mata kalmomin Hausa, sau da yawa takan ja gaɓar da ya kamata ta gajarta, ta ɗaga wadda ya kamata ta sauka. Wannan matsala ta taɓa tsofaffin waƙoƙin littafi, ta kuma taɓa sababbin da matasa ke fassarawa daga intanet. Na littafi dai mun girma da su, kunne ya saba, kuma nauyin koyarwar da ke cikinsu game da gicciye da tashin matattu da alheri ya biya wannan rashi. Sababbin kuwa wani lokaci layi biyu ne ake maimaitawa minti goma, da Turancin da rabin jama'a ba sa ji. Bulus ya ce zai yi waƙa da ruhu, zai kuma yi da fahimta. Mama da ta zo daga ƙauye ta zauna wurin ɗanta a Samaru tana da haƙƙin ta fahimci abin da take cewa Amin a kansa.

Kada a ɗauka kiɗan gida ba shi da aibi. Waƙar da ba a rubuta ba takan mutu da mai ita. Wasu waƙoƙin zumunta sukan kauce daga yabo su koma habaici ga surukai ko masu zuwa a makare, wasu kuma koyarwarsu na buƙatar fasto ya duba. Tulu ba ya ba kwaya murya, ba ya kuma taimaka wa waƙar littafi mai tafiya a hankali. A babban ɗaki mai ɗaukar mutum dubu, mai ba da waƙa sai da makirufo. Kuma gaskiya ce mai ɗaci, 'yan mata da yawa a gari suna ganin buga tulu aikin tsofaffi ne, ba sa zuwa koyo. In ba a yi da gangan ba, nan da wasu shekaru za a nemi mai bugawa a rasa.

Inda bambancin ya fi girma shi ne wajen mutum, ba wajen kaya ba. Tulu yana da masu bugawa biyar ko shida a kowace zumunta, in wata ta yi tafiya wata ta karɓa. Kibod kuwa yawanci mutum ɗaya ne, kuma a Zariya sau da yawa ɗalibi ne. Hutu ya zo, ya tafi gida. Ya gama karatu, ya tafi bautar ƙasa. A 2022, da malaman jami'o'i suka yi yajin aiki na wata takwas, majami'u da dama a kewayen unguwannin Samaru da Kongo sun ga kayansu a rufe da zane. Sai a koma ɗauko makaɗi na haya. Na taɓa ganin wani yaro, gwani ne ƙwarai, ana idar da waƙar baiko ya naɗe wayarsa, ya sunkuya ta ƙofar gefe, ya hau babur zuwa wata majami'a inda ake jiransa ƙarfe tara. Bai ji wa'azi a nan ba, da wuya ya ji a can. Ban ga laifinsa sosai ba, kuɗin makaranta yake nema. Amma ya tsaya a gaban jama'ar da bai san sunan ko mutum ɗaya a cikinsu ba, yana jan su zuwa gaban Allah. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wannan ba ya nufin kada a ba mawaƙa komai. Nehemiya 13:10 ta ba da labarin yadda aka daina ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu, kowa ya gudu gonarsa, Haikali ya zama kango, har Nehemiya ya tsawata wa shugabanni. Mutumin da ke ba da yamma uku a mako yana koyar da kwaya, yana rubuta do-re-mi a allo, yana raba muryoyi, aiki yake yi, ma'aikaci kuwa ya cancanci ladansa. Ra'ayina shi ne, in za a biya, a biya mai koyarwa kafin mai bugawa. Kenaniya an ɗora shi kan waƙa a zamanin Dawuda ne saboda ya gwaninta, yana kuma koya wa wasu. Makaɗin da zai yarda a rubuta cewa cikin shekara zai fitar da yara biyu ko uku na ikilisiya da za su iya riƙe sujada, shi ya cancanci albashi. A kuma gwada shi da waƙar littafi, ba da waƙar rawa kaɗai ba. Da yawa sun iya bugawa a murya ɗaya tak, sauran sai su danna maɓallin da ke ɗaga musu sauti, in aka buɗe musu littafi kuwa sai a ga gumi.

Sai maganar ƙara, wadda ta fi damuna. Yawancin majami'unmu rufin kwano ne, bango siminti, ƙasa siminti, sauti na bugun bango ya dawo. A zuba saitin ganguna da lasifika huɗu a irin wannan ɗaki, mai ganguna ya ƙara ƙarfi don ya ji kansa, mai kibod ya ƙara don ya wuce shi, masu makirufo su koma ihu. Masana lafiyar kunne sun sa iyaka a desibel 85 (ma'aunin ƙarfin sauti ke nan) na tsawon awa takwas, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, ta yadda a desibel 100 abin bai wuce minti 15 ba. Akwai manhajar waya da ke auna wannan, kowane dattijo zai iya gwadawa daga inda yake zaune. Ku dubi jariran da ke goye a layin gaba kusa da lasifika. Ku dubi kuma bakin jama'a. Mutum in bai ji muryarsa ba, bai ji ta maƙwabcinsa ba, yakan yi shiru ya bar wa masu makirufo. Ranar da janareta ya mutu ana tsakiyar waƙa a wurinmu, shirun da ya biyo baya ya ba ni tsoro, don ya nuna mutum shida ne kawai ke waƙa a ɗakin da ke cike. Sai wata mama daga baya ta ɗauko baitin, a hankali sauran suka bi, muka ƙarasa da tafi.

Ƙarar ba ta tsaya a cikin ɗaki ba. A unguwanni da yawa katanga ɗaya ce tsakaninmu da maƙwabta Musulmi, akwai marasa lafiya, akwai ɗalibai masu jarrabawa. Lasifikar da aka juya waje a daren addu'ar kwana ba ta jawo kowa ga bishara, sai dai ta tara ɓacin rai a garin da zaman lafiyarsa ke buƙatar lallaɓawa. Tulu da tafi ba su taɓa haɗa mu da kowa ba.

To, wace za a zaɓa? Daidai ruwa daidai tsaki. Ikilisiyar da sujadarta da Hausa ce, jama'arta ba su wuce ɗari da hamsin ko ɗari biyu ba, musamman ta ƙauye ko ta bayan gari, ba ta da dalilin cin bashi don saitin ganguna. Ta gyara kayan zumunta, ta sayi littattafan waƙoƙi da za su isa kowane benci, ta nemi malamin waƙa, ta ɗauki waƙoƙin tsofaffi a waya a rubuta su a littafi tun suna da rai. In kuɗi ya ragu, ƙaramin amfilifaya mai batir da makirufo biyu sun isa.

Ikilisiyar da ke cike da ɗalibai da ma'aikata daga ƙabilu dabam-dabam, wadda ke da sujadar Turanci, tana buƙatar ban, musun wannan ɓata lokaci ne. Amma ko ita kada ta saya a tashi ɗaya. Kibod ce farko, matsakaiciya mai ƙwari irin su Yamaha ko Casio da masu gyara suka sani, da rigarta ta kare ƙura da na'urar daidaita wuta. Bayanta miksa da lasifika biyu masu fitar da magana sarai, don wa'azi ma da su za a ji. Saitin ganguna ya zo ƙarshe, tunda shi ya fi komai ƙara kuma gangar gida na iya riƙe wurinsa. A ware wani kaso na kuɗin don gyara tun ranar saye. A ɗora wani mai hankali kan miksa, wanda zai zauna cikin jama'a ya ji abin da suke ji, wanda kuma fasto zai goya wa baya in ya ce a rage. Ko a irin wannan majami'a, a bar wa Zumuntar Mata da Sabon Rai lokacinsu cikakke, kuma ɗan kibod ya ɗaga hannunsa in suna waƙa, sai in su suka nema. Na sha jin an danne waƙar mata mai daɗi da sautin da bai dace da karinta ba.

A namu zaman, an kai Magariba ba a gama ba. Shugaban matasa ya ce, "Baba, in ba mu sayi kayan nan ba yaranmu za su koma wasu majami'u." Wani dattijo ya amsa masa da cewa, "Ɗana, gaskiyarka, amma in mun saya wa zai buga in kun tafi hutu?" A ƙarshe aka sayi tulu biyu da sabuwar ganga, aka sayi littattafai, aka sayi kibod ɗaya ta hannu mai lafiya, aka kuma yi yarjejeniya da wani malamin waƙa ya riƙa zuwa Talata da Alhamis. Yara huɗu suka fara koyo, biyu suka dage, ɗayarsu yarinya ce 'yar aji uku a sakandare, jikar mai buga mana tulu. A Ista da ta wuce ita ta buga waƙar buɗe sujada, a hankali, da kuskure ɗaya a baiti na biyu, jama'a kuma suka rufe kuskuren da murya. Takardar saitin ganguna tana nan a fayil ɗin magatakarda, za a sake duba ta bayan girbin bana.